KOGIN KOMADUGU DA ƊAKUNAN BINCIKEN MANYAN KAMFANONI: INA RABON MANOMIN BOSO?

A mafi yawan sassan Nijar, ambaliya tana zuwa ne tare da hadari. A kwarin Komadugu kuwa ba haka abin yake ba. Sai damina ta ja baya, sama ta washe, manoman gero sun fara shirin girbi, sannan kogin yake cika ya batse, har wata shekara ya tsallake gaɓa ya shiga gonakin tattasai da gidajen jama'a. Haka ta faru a watan Oktoba na 2019, lokacin da ruwa ya raba sama da mutum 20,000 da muhallinsu a jahar Difa, kuma aka sake ganin irin wannan a 2022. Tambayar da ke bakin manomi a Boso, da Geskeru, da Shetimari, ba ta wuce guda ba: yaushe ruwan zai iso, kuma ina zai tsaya?

Yau akwai manyan kamfanonin fasaha na ƙasashen waje waɗanda suka kafa ɗakunan bincike, suka haɗa kai da jami'o'i, domin neman amsar irin wannan tambaya ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya kamata mai karatu, ko ma'aikacin gwamnati ne ko manomin da ya yi yaƙi da jahilci, ya san yadda wannan aiki yake tafiya, da inda ƙarfinsa ya tsaya, da kuma abin da ya rage a wuyan ƴan ƙasa.

KOGIN DA RUWANSA KE ZUWA DAGA NESA

Ruwan Komadugu ba a sararin Difa yake sauka ba. Asalinsa koguna biyu ne na arewacin Najeriya: kogin Haɗeja, wanda yake tara ruwan ƙasar Kano, da kogin Jama'are, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Ruwan nan biyu suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su daɗe a can suna tafiya sannu a hankali, sannan su haɗu su wuce ta Gashuwa da Gaidam. Daga nan kogin yake zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150, ya bi ta gefen garin Difa, ya je ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso, daura da Malam Fatori.

Wannan doguwar tafiya ita ce dalilin jinkirin ruwan. Ruwan saman da ya sauka a Kano cikin Agusta ba ya nuna ƙarfinsa a Difa sai bayan makonni da dama. Bayan haka kuma kogin yakan ja baya, har ya kan yanke da rani, ya bar tafkuna nan da can.

Hannun ɗan'adam ma ya taɓa kogin. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka biyu a jihar Kano. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke isowa Boso ya danganta da abin da sama ta bayar, da kuma abin da masu kula da madatsun suka riƙe ko suka saki. Shi kansa tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980.

A kan wannan ruwa ne rayuwar kwarin take. Da shi ake ban ruwan tattasai, wanda ake shanyawa a rana, a ɗura a buhuna, a kai kasuwannin Najeriya da na cikin gida. Da shi ake noman shinkafa da albasa, a cikinsa ake su, a bakinsa makiyaya suke shayarwa. Idan ya yi ƙaranci, dashe ya ƙone. Idan ya yi yawa, ya cinye dashen, da takin da aka ci bashi aka saya, wani lokaci har da injin ban ruwa da ba a samu sukunin janyewa ba. Jama'ar yankin kuma ba su da sauran ƙarfin jure asara kamar da. Tun harin da aka kai wa Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, da wanda aka sake kai wa Boso ranar 3 ga Yuni 2016, dubban iyalai suka bar garuruwansu. Dokar ta-ɓaci ta hana cinikin tattasai har zuwa 2017, ta hana su har zuwa 2019. Wanda ya dawo gonarsa bayan irin wannan wahala, gargaɗin mako guda yana iya zame masa bambanci tsakanin tsira da komawa sansanin ƴan gudun hijira.

MENE NE ƊAKIN BINCIKEN KAMFANI?

Ɗakin bincike wuri ne da ake tara masana, a ba su kayan aiki da albashi, a sa su nemo abin da ba a sani ba tukuna. Gwamnatoci suna da nasu, kamar cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975. Jami'o'i suna da nasu. Manyan kamfanoni ma suna kafa nasu, domin abin da aka gano yau shi ne hajar da za su sayar gobe.

Wanda ya fi shahara a tarihi shi ne na kamfanin wayar tarho na Amurka, wato Bell Labs, da aka kafa a 1925. A can ne a 1947 aka ƙirƙiro ƙaramin abin nan da ake kira taransista, wanda shi ne zuciyar kowace rediyo da kowace wayar salula. A can ne kuma a 1954 aka nuna farantin farko na silikon mai mayar da hasken rana wutar lantarki ta yadda za a iya amfani da ita. Duk farantin da aka gani a kan rufin asibitin karkara ko a bakin rijiyar burtsatse, jikan wancan ne. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da aka gano a ɗakin bincike mai nisa yana iya isowa har ƙauye, ko da ya ɗauki shekaru.

Amma kamfani ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Masanan da yake ɗauka, jami'a ce ta horar da su. Dabarun da yake ginawa a kai, sau da yawa wani malamin jami'a ne ya fara rubuta su. Saboda haka kamfanoni suke neman kusantar jami'o'i: su ba da kuɗin bincike, su ɗauki nauyin ɗalibai, su ba da aron manyan na'urorinsu, su kuwa su samu ƙwararru da sababbin dabaru. Ciniki ne, kowa da abin da ya kawo da abin da yake nema.

Wannan tsari ya shigo Afirka. A 2013 kamfanin IBM ya buɗe ɗakin bincike a Nairobi, cikin harabar Jami'ar Katolika ta Gabashin Afirka, sannan a 2016 ya buɗe na biyu a Johannesburg tare da Jami'ar Wits. A 2018 kamfanonin Google da Facebook suka ɗauki nauyin wani karatun digiri na biyu kan basirar na'ura a cibiyar ilimin lissafi ta AIMS da ke Kigali. A 2019 Google ya buɗe ɗakin bincikensa a Akara, ƙarƙashin jagorancin wani masani ɗan Senegal, Moustapha Cissé. Duk waɗannan birane suna da nisa da Boso. Sai dai akwai aiki guda daga cikin ayyukan irin waɗannan ɗakuna wanda ya shafi kwarin Komadugu kai tsaye, shi ne hasashen ambaliya.

YADDA NA'URA TAKE HASASHEN AMBALIYA

Google ya fara gwajin gargaɗin ambaliya a 2018 a yankin Patna na ƙasar Indiya, a bakin kogin Ganga. Daga nan aka faɗaɗa shi zuwa Bangaladash. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin ya buɗe wani dandali a intanet mai suna Flood Hub, wanda kowa yake iya dubawa kyauta, kuma Najeriya da Cadi suna cikin ƙasashen da aka ƙara a lokacin. A 2023 aikin ya kai ƙasashe 80, a ƙarshen 2024 kuma ya kai 100. Abin da dandalin yake nunawa shi ne yadda ake sa ran kogi zai hau ko ya sauka har zuwa kwana 7 masu zuwa.

Tushen wannan aiki a jami'a yake. A 1997 wasu masana biyu, Sepp Hochreiter da Jürgen Schmidhuber, suka wallafa wata dabara ta lissafi da ake kira LSTM, wadda take ba na'ura ikon riƙe abin da ya daɗe da wucewa tana auna shi da abin da ke faruwa yanzu. Daga baya Hochreiter ya zama shugaban wata cibiya a Jami'ar Linz ta ƙasar Ostiriya. Daga 2018 wasu matasan masana a ƙasar suka nuna cewa dabarar tana iya koyon halin koguna, domin kogi ma yana da tunawa: ruwan da ƙasa ta sha watan jiya yana cikin abin da zai sa ta ƙoshi ko ta ƙi ƙoshi yau. Ɗaya daga cikinsu, Frederik Kratzert, wanda ya yi karatun digirin dakta a Linz, ya koma aiki a sashen bincike na Google.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ana ba na'urar tarihin ruwan sama, da zafin rana, da yanayin ƙasa da gangarenta, na dubban koguna a duniya, tare da awon da aka yi wa tsawon ruwan kowannensu kowace rana shekara da shekaru. Tana ta gwadawa tana gyara kuskurenta har ta gane yadda ruwan sama yake zama ruwan kogi. Bayan haka, idan aka ba ta hasashen ruwan sama na mako mai zuwa, sai ta faɗi abin da take tsammani kogi zai yi. A watan Maris na 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wannan bincike, inda aka yi amfani da awon tasoshi sama da 5,000. Abin da masu binciken suka fi jaddadawa shi ne na'urar tana iya yin hasashe ko a kogin da ba a taɓa auna shi ba, ta hanyar kwatanta shi da kogunan da suka yi kama da shi.

A lura da inda kayan aikin suka fito. Hasashen yanayi ya zo daga cibiyar ƙasashen Turai ta hasashen yanayi, awon ruwan sama na tauraron ɗan'adam ya zo daga hukumomin Amurka, awon koguna kuwa daga wata ma'ajiya da ke Koblenz a Jamus, wadda take tattara abin da ma'aikatun ruwa na ƙasashe suka aika. Ke nan, a ƙasan wannan gini duka akwai aikin ƙaramin ma'aikaci wanda yake zuwa bakin kogi da safe ya karanta sandar awo ya rubuta a littafi.

INDA ƘARFIN NA'URA YA TSAYA

Komadugu yana da halaye uku da suke wahalar da irin wannan hasashe.

Na farko, madatsun ruwa. Na'ura tana koyon yadda ruwan sama yake gangarowa, amma ba ta san ranar da injiniya a Tiga zai buɗe ƙofa ba, sai in an gaya mata. Ba ta kuma san lafiyar ginin madatsa ba. Abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a kan kogin Ngadda ruwa ya mamaye babban sashen birnin, darasi ne ga duk wanda yake zaune a ƙasan madatsa.

Na biyu, fadamun Haɗeja da Nguru. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa yana rarrabuwa cikinta ta hanyoyi da yawa, ciyawar kacalla tana toshe wata hanya ta tura shi wata, rana tana shan wani sashe, ƙasa tana shan wani. Hanyar da ruwa ya bi bara ba lalle ita zai bi bana ba. Kogunan Turai da Amurka, waɗanda su ne suka fi yawa cikin abin da aka koyar da na'urar, kaɗan ne suke da irin wannan hali.

Na uku, ƙarancin awo. Akwai tashar awo a Bagara, kusa da garin Difa, kuma da ita hukumomi suke sanin ruwa ya kai matakin haɗari, wanda yake wajen mita 4 da rabi. Amma kogi mai wannan tsawo yana bukatar idanu da yawa, kuma rashin tsaro ya sa zuwa bakin ruwa a wurare da dama ya zama kasada. Inda babu awo, babu yadda za a tabbatar ko na'ura ta faɗi daidai ko ta yi kuskure.

A nan ne halin kogin da ke wahalar da na'ura yake zama alheri ga mutane. Tunda ruwan yana ɗaukar makonni kafin ya iso, wanda yake tsaye a Haɗeja ko Gashuwa yana ganin abin da zai sami Difa da Boso tun kafin kwanakin nan 7 na na'ura su fara ƙirguwa. Sandar awo a Gashuwa, da ma'aikaci mai wayar salula, da yarjejeniyar aika labari kowace rana, suna iya ba manomin Boso lokacin da ya fi wanda kowace na'ura za ta ba shi ita kaɗai. Hanyar yin hakan ma tana nan a rubuce: akwai Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayu 1964; akwai hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya ta 1971; akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu. Amfanin na'ura shi ne ta ɗauki wannan awo ta haɗa shi da hoton tauraron ɗan'adam, ta nuna waɗanne gonaki da waɗanne unguwanni ne ruwan zai fara shiga.

ABIN DA AKA RIGA AKA GWADA

Ba yau aka fara bincike a kan ruwan wannan yanki ba. Masanan cibiyar Faransa ta ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, sun daɗe suna auna Komadugu da tafkin Cadi. Tare da malamai da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sun yi nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen Difa, suka nuna cewa kogin ne yake ciyar da ruwan da rijiyoyin kwarin suke ɗiba. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, tana horar da ma'aikatan yanayi da na ruwa na ƙasashen Sahel, tana kuma shiga cikin hasashen damina na kowace shekara.

Misalai biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko daga Burkina Faso yake. A 2012 masanan Jami'ar Wagadugu da na IRD suka nemi kamfanin wayar salula na Telecel Faso ya ba su bayanan ƙarfin saƙon da ke tafiya tsakanin dogayen ƙarafunansa. An san ruwan sama yana raunana wannan saƙo. Ta auna raunin, suka iya gane lokacin da ruwa ya sauka da yawansa, suka kuma wallafa sakamakon a 2014. Daga baya an gwada dabarar a Yamai tare da kamfanin Orange. Kamfani bai gina komai sabo ba. Abin da yake da shi a ajiye ya bayar, jami'a ta mayar da shi ma'aunin ruwan sama.

Na biyu yana yammacin Nijar, a kogin Sirba. A can hukumar yanayi ta ƙasa da ma'aikatar ruwa suka haɗa kai da jami'ar fasaha ta Torino da cibiyar bincike ta ƙasar Italiya, suka kafa tsarin gargaɗi mai suna SLAPIS. An sa na'urorin awo masu aika labari da kansu, an zana taswirar wuraren da ruwa yake ci, an kuma kafa sanduna masu launi a bakin kogi, ta yadda wanda bai iya karanta lamba ba zai gane haɗari da ido. Muhimmin abu a nan shi ne ma'aikatan ƙasa suna cikin aikin tun daga farkonsa.

Akwai kuma darasi daga Indiya. Da masanan Jami'ar Yale ta Amurka suka bi sawun gargaɗin Google a jihar Bihar, an ga cewa saƙon da ya tsaya a waya ba ya isa ga kowa. Sai da aka haɗa da mutanen gari masu yawo suna sanarwa, da lasifika, da tutoci. A jihar Adamawa ta Najeriya kuwa, a 2022, wata ƙungiyar agaji ta gwada ba iyalai kuɗi tun kafin ambaliya ta iso, bisa hasashe, domin gargaɗi ba ya amfanar wanda ba shi da kuɗin amalanke ko kwalekwalen da zai kwashe kayansa.

JAMI'AR DIFA DA MAƘWABTANTA

A 2014 ne doka ta kafa Jami'ar Difa, tare da na Agadas, Doso da Tilaberi. An ba ta fannin aikin gona da na muhalli, wato abin da ya dace da kwarin Komadugu da tafkin Cadi. Da yawa daga ɗalibanta ƴaƴan manoma da makiyaya da masunta ne, suna jin Barbarci da Fulatanci da Hausa, sun san sunan kowane tafki da kowace mashaya. Wannan ilimi ne da ba a sayen sa a kasuwa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

A can sama kuma, a bakin wannan kogi dai, akwai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013. Akwai Jami'ar Maiduguri, akwai Jami'ar Bayero ta Kano da cibiyarta ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Idan aka bi taswira, za a ga jami'o'in nan sun jeru kusan daga mafarin ruwan har zuwa matuƙarsa. Haɗin gwiwar farko da ya wajaba, tsakaninsu ne. Jami'ar da ta je gaban babban kamfani ita kaɗai, hannu rabbana, roƙo ta je yi. Waɗanda suka je tare, riƙe da awon kogi na shekaru, ciniki suka je yi, domin suna da abin da kamfanin yake bukata kuma ba zai same shi a wani wuri ba.

Tarihin ƙasar ma ya bar misali. Marigayi Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar fizik, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. Ya yi hulɗa da masana da kamfanonin ƙasashen waje, amma ya nace a kan ɗakin gwaji da wurin ƙira su kasance a Yamai, ƴan ƙasa su koyi aikin da hannunsu. A 1992, shekara guda bayan rasuwarsa, aka sa wa jami'ar sunansa.

ABIN DA YA KAMATA A RUBUTA KAFIN A SA HANNU

Kamfani ba gwamnati ba ne, ba kuma ƙungiyar agaji ba ce. Yana zuwa idan ya hango riba, yana tafiya idan lissafinsa ya sauya. Kamfanin Loon, ɗan'uwan Google, ya fara ba da intanet ta balan-balan a Kenya a 2020, aka rufe shi a farkon 2021. Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyi a Legas a 2019, ya rufe ta a 2024. Wannan ba abin zargi ba ne, halin kasuwa ke nan. Amma ƙasar da ta jingina rayukan jama'arta ga dandalin da ba ta da iko da shi, ta manta da cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, duk jami'in da zai zauna a teburin irin wannan yarjejeniya, ya tabbatar da abubuwa biyar.

Na ɗaya, awon kogi mallakar ƙasa ne. A ba kamfani ya yi aiki da shi, amma asalinsa ya zauna a ma'aikatar ruwa da jami'a, kuma kowane mai bincike ɗan ƙasa ya iya samun sa.

Na biyu, a bayyana dabarar a fili, yadda malaman Difa za su iya gwada ta a kan ambaliyar 2019 da ta 2022, su ga ko da ta faɗi gaskiya. Google ya saki wani kundin bayanan koguna mai suna Caravan a 2023 domin kowa ya yi amfani da shi ya kuma ƙara nasa. Irin wannan ƙofa ce ya kamata a shiga ta cikinta.

Na uku, a horar da mutane. Yarjejeniyar da ta ƙare ba ta bar ɗalibai masu digiri da ma'aikatan da suka iya gyaran na'urar awo ba, ba ta bar komai ba.

Na huɗu, a tanadi kuɗin kula da kaya. Sayen na'ura abu ne mai sauƙi. Batir, da man babur, da alawus ɗin mai karanta sanda, su ne suke kashe aiki bayan baƙi sun tafi.

Na biyar, hukumar ƙasa ce take da ikon shelar haɗari, kuma shelar ta bi hanyar da jama'a suka sani: gwamna da magadan gari, sarakunan gargajiya da masu unguwanni, limamai, ƙungiyoyin manoma, da gidajen rediyon karkara, cikin harsunan da ake ji. Ta kuma faɗi abin da za a yi: a janye injuna, a ɗage buhuna, a ƙara tsawon datsiya, a kai yara da tsofaffi tudu.

Daminar 2024 ta halaka kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan 1 da rabi, har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Ba wanda yake da ikon hana ruwa sauka, amma sanin ranar zuwansa abu ne da ɗan'adam yake iya nema. Kamfanonin nesa sun kawo na'ura mai ƙarfin lissafi, kuma babu dalilin ƙin ta. Abin da ba za su iya kawowa ba shi ne mutumin da zai tsaya a Bagara da safe ya karanta sanda, da ɗalibin da zai duba ko na'urar ta yi daidai, da muryar da za ta kai labari Boso kafin ruwa ya kai. Waɗannan, ƙasa ce za ta samar da su, kuma lokacin shirya su shi ne rani, sa'ad da kogi yake kwance. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da kwarin Komadugu lafiya.